Aeneator: Mabusan Ƙahon Yaƙi a Rundunar Rumawa

Aeneator, jam'insa aeneatores, kalma ce ta harshen Latin da Rumawa suke kiran mai busa ƙahon tagulla da ita, musamman wanda yake aiki a cikin rundunar soja. Suna ne na gama-gari. A ƙarƙashinsa akwai tubicen mai busa miƙaƙƙen ƙaho, da cornicen mai busa lanƙwasasshe, da bucinator mai sanar da lokutan gadin dare, da liticen, wanda aka fi jin ƙahonsa a bakin mawaƙa fiye da a takardun soja. Babban aikin waɗannan mutane shi ne isar da umarni. A wurin da dubban mayaƙa suke ihu, ƙarfe yana dukan ƙarfe, ƙura ta rufe ido, muryar kwamanda ba ta wuce sahun da yake tsaye, sai a sa ta a bakin ƙaho.

Asalin kalmar da yadda aka yi amfani da ita

Tushenta aes, wato jan ƙarfe ko tagulla. Daga nan aka sami sifar aeneus, abin da aka ƙera da tagulla, sannan aka ɗora ɗafin -tor mai nuna mai aikatawa. Ana samun ta a rubuce iri uku: aeneator, aheneator da aenator. Harafin h na tsakiya yana nuna cewa haruffan a da e ba a haɗe ake furta su ba, kowanne gaɓarsa daban. Kalmar ba ta da dangantaka da sunan Aeneas, gwarzon da Rumawa suke jingina asalinsu gare shi, duk da kamar da suka yi a ido. Wannan tushe na aes shi ne kuma ya ba da sunan kuɗi, domin da tagulla Rumawa suka fara ciniki, har baitulmalinsu ake kira aerarium.

Sauran sunayen wata hanya suka bi. Tubicen da cornicen da liticen an haɗa su ne daga sunan ƙahon da kuma aikatau canere, wanda yake nufin rera waƙa ko busa. Kowanne yana faɗin abin da mutum yake riƙe da shi. Aeneator kuwa ƙarfen kawai ya ambata, saboda haka ya iya ɗaukar kowa.

Malaman nahawu na da sun so su ƙuntata ma'anar. A ƙamus ɗin Festus, kamar yadda Paulus Diaconus ya taƙaita shi a ƙarni na 8, an fassara aeneatores da cewa su ne cornicines. Amma yadda marubuta suka yi aiki da kalmar bai goyi bayan wannan ba. Suetonius, da yake ba da labarin ƙetare kogin Rubicon a watan Janairu na shekara ta 49 kafin Miladiyya, ya ce Yuliyas Kaisar yana tsaye yana jinkiri sai aka ga wani mutum mai girman jiki da kyawun sura zaune yana busa sarewa. Makiyaya da sojoji suka taru suna sauraro, a cikinsu har da aeneatores. Mutumin ya fizge ƙaho daga hannun ɗayansu, ya busa kiran yaƙi da ƙarfi, ya nufi ɗaya gaɓar. Ƙahon da ya fizge tuba ne, miƙaƙƙe, ba cornu ba. Ko mutum ya yarda da labarin ko ya ɗauke shi a matsayin ado, shaidar da ya bayar game da kalmar tana nan. Seneca ma, a rubutun ba'a da ya yi wa sarki Claudius bayan mutuwarsa a shekara ta 54 Miladiyya, ya lissafa masu tuba da masu cornu a wurin jana'iza, sannan ya rufe da aenatores na kowane iri, ya ce hayaniyarsu ta kai ko mamacin ya ji. A ƙarni na 4 Ammianus Marcellinus, wanda shi kansa tsohon hafsa ne, ya yi amfani da ita wajen bayanin busar da ta buɗe yaƙin Argentoratum, Strasbourg ta yau, a shekara ta 357.

Abin lura shi ne yadda sojojin suke kiran kansu. A duwatsun kabari, inda mutum ɗaya yake faɗin aikinsa, abin da aka fi gani shi ne tubicen ko cornicen ko bucinator. Idan suka haɗu suka yi abu tare sai babban sunan ya fito, kamar a wani dutsen sadaukarwa da aka samu a iyakar daular ta wajen Jamus, wanda aeneatores na wata bataliya suka kafa wa abar bautarsu Minerva. A cikin aiki bambancin yana da nauyi, domin kowane ƙaho da wanda yake yi wa magana.

Kayan busar

Tuba miƙaƙƙen bututu ne na tagulla, tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya, yana buɗewa kaɗan-kaɗan har zuwa baki. Cornu ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Waɗanda aka tono a Pompeii, garin da dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79, sun haura mita 3, amma an naɗe su sun kusa zama da'ira, da sanda a gicciye wadda mabushi yake riƙewa ya ɗora a kafaɗa. Bututun yana bi ta ƙarƙashin hammata, ya zagaya baya, bakin ya leƙo ta saman kai yana kallon gaba. Lituus miƙaƙƙe ne mai lanƙwasa a ƙarshe kamar ƙugiya. An samo ɗaya a Caere, tsohon garin Etruskawa, yana ajiye a gidan tarihin Vatican. Babu ɗaya daga cikinsu mai ramukan yatsu ko maɓallai. Da leɓe da ƙarfin numfashi ake sauya sauti, saboda haka muryoyin da ake samu 'yan kaɗan ne.

Bucina ita ce mai rikici. Marubuta sun danganta ta da makiyaya, har da masu kiwon alade da suke kiran garke da ita, wanda yake nuna asalinta ƙahon dabba ne. Vegetius, wanda ya rubuta littafinsa na dabarun soja wajen ƙarshen ƙarni na 4, ya bayyana ƙahonin uku, amma a nassin da aka saba bugawa bucina ce naɗaɗɗiyar tagulla, cornu kuma ƙahon ɓaunan daji da aka ɗaure da azurfa. Wasu masana suna ganin masu kwafa ne suka juya sunayen. Ga kuma dutsen kabarin Aurelius Surus a gidan tarihi na Istanbul: rubutun ya kira shi bucinator na runduna ta ɗaya mai laƙabin Adiutrix, hoton kuwa ya nuna shi riƙe da miƙaƙƙen ƙaho. Abin da ya fi kama hankali shi ne bucinator sunan muƙami ne, mai kula da lokaci, ko da wane irin ƙaho ya yi aikin.

A sansani da fagen fama

Vegetius ya kasa alamun yaƙi gida uku: na murya, kamar kalmar sirri da ake bai wa masu gadi, na rabin murya, wato busa, da marasa murya, wato tutoci. Ya kuma fayyace rabon aiki. Idan tubicen ya busa, da sojoji yake: su fita, su kai hari, ko su janye. Idan cornicen ya busa, da masu riƙon tuta yake: a ɗaga tuta, a matsa da ita, ko a kafa ta. Idan aka shiga gumurzu sai su busa tare. Hikimar a fili take. Soja ba ya buƙatar ya haddace kira iri-iri. Idonsa yana kan tutar ƙungiyarsa, mai tuta kuma kunnensa yana kan cornicen. Shi ya sa a ginshiƙin sarki Trajan da aka kafa a birnin Rum a shekara ta 113 ake ganin masu cornu kusa da masu tuta, kawunansu lulluɓe da fatar namun daji iri ɗaya.

Dare kashi huɗu ne a wurin Rumawa, ana auna shi da agogon ruwa, kuma busa ce take raba kashin. Polybius, Bagirken da ya zauna a Rum a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, ya ce alhakin tabbatar da an busa a kan kari yana wuyan wani babban hafsa a kowace runduna. Tashi daga sansani ma busa uku ce. Josephus, wanda ya yaƙi Rumawa a Galili kafin ya koma ɓangarensu, ya gani da idonsa: a ta farko a kwance tantuna, a ta biyu a ɗora kaya a kan alfadarai a cinna wa sansanin wuta, a ta uku a kama hanya. Kafin a motsa, sanƙira yana tsaye a daman kwamanda yana tambaya sau uku ko sun shirya, su kuma suna amsawa da ɗaga hannun dama.

Akwai kira guda da ya fi sauran daraja, shi ne classicum. Ba a busa shi sai a gaban mai riƙe da cikakken ikon yaƙi, ko lokacin da za a zartar da hukuncin kisa a kan soja, tunda da ikon nan ake zartar da shi. Ta wannan fuska ya yi kama da kakaki a ƙasar Hausa, wanda jin sa kaɗai ya isa a san sarki yana wurin. Wannan ƙa'ida ta taɓa tona wa Rumawa asiri. A shekara ta 207 kafin Miladiyya Hasdrubal, ƙanen Hannibal babban abokin gaban Rumawa, ya ƙetaro tsaunukan Alps da runduna yana neman haɗuwa da wansa. Konsul Claudius Nero, ɗaya daga cikin shugabannin Rum biyu na wannan shekara, wanda yake fuskantar Hannibal a kudu, ya sulale da dakaru 6,000 da mahaya 1,000, ya yi tafiyar gaggawa zuwa arewa, ya shiga sansanin abokin muƙaminsa Livius Salinator da dare. Ba a ƙara tanti ko ɗaya ba, aka cusa baƙin a cikin na masu masauki don kada a gane. Hasdrubal ya ga tsofaffin garkuwoyi da dawakai ramammu, ya yi zargi, ya aika 'yan leƙen asiri. Suka dawo suka ce sansani bai ƙaru ba, amma an yi busa sau ɗaya a sansanin ƙaramin kwamanda, sau biyu a na konsul. Daga nan ya san konsul biyu ne a gabansa. Ya yi ƙoƙarin janyewa da dare, jagororinsa suka gudu, aka rutsa shi a bakin kogin Metaurus aka kashe shi. Masanin tarihi Titus Livius ne ya kawo labarin. An ɓoye mutum 7,000, amma ba wanda ya yi tunanin hana mabusa bai wa kowane konsul girmansa.

Kwamandoji masu wayo sun juya wannan sabo ya zama makami. A shekara ta 203 kafin Miladiyya, kusa da Utica a Tunisiya ta yau, kwamandan Rumawa Scipio ya mai da busar da aka saba yi a ƙofar tantin kwamanda lokacin cin abincin dare ta zama alamar fita, abokan gaba suka ji ba su ɗauke ta a bakin komai ba, a daren aka ƙone sansanoninsu. Labarin da ya fi nuna mabusan a kusa shi ne wanda masanin tarihi Sallustius ya bayar daga yaƙin Jugurtha, sarkin Numidiya. A shekara ta 106 kafin Miladiyya kwamandan Rumawa Marius ya yi kwanaki yana fama da wata ganuwa a kan dutse kusa da kogin Muluccha, wanda ake kira Moulouya a Maroko, ba ci gaba. Wani soja ɗan Liguriya ya je ɗebo ruwa ta bayan dutsen, ya ga katantanwa a tsakanin duwatsu, ya shiga tsinta, yana tsinta yana hawa, bai farga ba sai ga shi kusa da ƙololuwa. Ya kama reshen wani itace da ya tsiro a tsagin dutse, ya leƙa, ya ga duk masu tsaro sun tattaru a ɗaya gefen. Da ya kai labari, Marius ya zaɓi mutum biyar mafiya zafin nama daga cikin masu tuba da masu cornu, ya haɗa su da hafsoshi huɗu. Suka tuɓe hulunan kwano da takalma, suka goya takubba da garkuwoyin fata na Numidiyawa, saboda ba su da nauyi kuma ba sa ƙara idan sun bugi dutse. Ɗan Liguriya yana gaba yana ɗaura igiya a saiwoyi da kan duwatsu. Da Marius ya matsa ta gaba, su kuma suka busa ta baya. Mata da yara suka fara watsewa, sannan mayaƙan da suke kusa da bango, ganuwar ta faɗi.

Tsarin yana da inda yake gazawa. A Gergovia, a ƙasar Faransa ta yau, a shekara ta 52 kafin Miladiyya, Kaisar ya ce ya sa an busa janyewa, runduna ta goma da take tare da shi ta tsaya, sauran ba su ji ba saboda wani kwari mai faɗi da ya raba su. Ya rasa hafsoshi 46 da sojoji kusan 700. Mai karatu yana da damar ya yi zargin cewa kwarin ya zo wa Kaisar daidai, tunda shi ne mai ba da labarin shan kashinsa. A Thapsus kuwa, a shekara ta 46 kafin Miladiyya, Kaisar yana jan ƙafa sai sojojin ɓangaren dama suka tilasta wa wani tubicen ya busa hari ba da izini ba. Sauran ƙungiyoyi suka amsa, hafsoshi suka tare su da ƙirji ba su tsayu ba, dole Kaisar ya bi.

Matsayi da ƙungiya

Mabusa suna da gurbi a tsarin mulkin Rum tun farko. A rabon jama'a aji-aji na zaɓe da yaƙi wanda ake jingina wa sarki Servius Tullius, an ware musu rukunansu na kansu; Titus Livius ya sa su tare da aji na biyar, Dionysius na Halicarnassus ya sa su tare da na huɗu. A zamanin daula suna cikin immunes, wato sojoji masu sana'a waɗanda aka ɗauke wa aikin wahala irin su haƙa rami da ɗaukar itace. Jerin da Tarruntenus Paternus ya tsara a ƙarni na 2, wanda ya tsira a cikin kundin dokokin sarki Justinian, ya ambaci bucinator, ya kuma ambaci maƙeran tuba da na cornu.

Shaida mafi daki-daki daga Afirka ta fito. A Lambaesis, kusa da Batna a Aljeriya, inda runduna ta uku mai laƙabin Augusta ta yi zama, an sami dutsen da masu cornu suka rubuta dokokin ƙungiyarsu a shekara ta 203, zamanin sarki Septimius Severus. Sunaye 36 ne, na farkonsu shugaba mai muƙamin optio. Kuɗin shiga dinari 750. Wanda ya gama aiki ya yi ritaya ana ba shi 500. Wanda ya sami ƙarin girma ya bar su, 500. Wanda ya mutu, magajinsa ya karɓi 500. Wanda zai ƙetare teku saboda ƙarin girma ana ba shi guzuri, dakare 200, mahayi 500. Wanda aka tuɓe daga muƙami kuwa 250, kuma a nan masu rubutun sun saka kalmar neman tsari daga faruwar haka. Don a gane nauyin kuɗin, albashin sojan runduna tun zamanin sarki Domitian dinari 300 ne a shekara, kafin Severus ya ƙara shi. Masu tuba na wannan runduna ma sun bar irin wannan dutse. Doka ta hana sojoji gama-gari kafa ƙungiya a sansani, don haka samun wannan dama kaɗai ya nuna mabusa sun ɗara su.

A wajen rundunar

Cornicen ne yake kiran taron jama'a na zaɓen manyan muƙamai. Idan za a yi wa mutum shari'ar da ta shafi rai, ana busa a ƙofar gidansa da sassafe. Masanin tarihi Tacitus ya ce a shekara ta 16 Miladiyya sai da aka busa classicum kafin a kashe wani mai duba, Publius Marcius, a bayan ƙofar Esquilina. Sau biyu a shekara, 23 ga Maris da 23 ga Mayu, ana bikin Tubilustrium, inda ake yanka 'yar tunkiya a tsarkake ƙahonin ibada. Tacitus ya kuma kawo yadda sojojin da suka yi bore a Pannonia a shekara ta 14 suka ga wata ya yi husufi, suka dinga buga tagulla da busa tuba da cornu don ya dawo. Tsoron daren ya taimaka wajen karya boren.

Akwai kuma masu busa don neman abinci, a jana'iza da filin wasa, da ƙungiyoyinsu da rubuce-rubucen duwatsu suke kira collegium aeneatorum. Wani zanen daɓe da aka tono a Zliten ta Libiya ya nuna mai tuba ɗaya, da masu cornu biyu a zaune, da wata mace tana kaɗa wani abin kiɗa mai bututai da yake aiki da ruwa, ana faɗa da takubba a gabansu. Waɗannan ba su da mutuncin na soja. Mawaƙi Juvenal ya yi wa wasu sababbin attajirai gori da cewa da can masu busa ne a filayen wasan ƙauyuka, kowane gari ya san kumatunsu.

Abin da ya saura

Ba a rubuta sautin ko da kira ɗaya ba. Baki da kunne ne suka riƙe su. Sunayen sun fi daɗewa. Bucina ta zama buisine a tsohon Faransanci da Posaune a Jamusanci, likitoci kuma suna kiran tsokar kumatu buccinator. An ɗora sunan tuba a kan wani babban ƙaho da aka ƙirƙira a Berlin a 1835, wanda bai yi kama da na Rumawa ba. Aeneator bai shiga harsunan da Latin ya haifa ba. Inda ake jin sa yau, ban da littattafan tarihi, shi ne sunan kimiyya na wani jinsin katantanwar teku da ake samu a ruwan New Zealand.

Ita sana'ar ta lalace tun daula tana raye. A shekara ta 539, sojojin kwamandan Rumawa Belisarius suna kewaye da garin Auximum, Osimo ta Italiya, Gotawa suna yi musu kwanton ɓauna duk lokacin da suka bi masu yankan ciyawa, na baya suna hango tarkon suna ihu ba a jin su. Procopius, magatakardan Belisarius, ya ce shi ya je ya gaya wa maigidansa cewa mabusan Rumawa na da sun iya kira biyu da ƙaho ɗaya, na hari da na janyewa, amma yanzu ba wanda ya iya. Ya ba da shawara a yi amfani da ƙahon mahaya, na fata da siririn itace, don hari, da ƙahon dakaru na tagulla don janyewa, tunda ba mai kasa bambanta muryoyinsu. Belisarius ya karɓa, ya tara runduna ya sanar da su sabuwar ƙa'idar.